Sawun da Ya Ratse

Da gari ya waye, sai aka tarar da bakin tafki cike da gawar tsuntsaye. Agwagin ruwa ne suka fi yawa, baƙin nan da ke zuwa ƙarshen damina daga ƙasashe masu sanyi, su yi 'yan watanni su koma. Bana ko gajiyar hanya ba su gama saukewa ba. Iska ta turo su gefen gonar shinkafa, wasu ciki sama, wasu wuya a lanƙwashe, 'yan kaɗan masu sauran numfashi suna buɗe baki ba sauti.

Kafin ma'aikatan gandun tsuntsaye su iso, mutanen unguwa sun riga sun yanke hukunci. Ba su da nawa wajen wannan, muddin laifin na wani ne. Gonar ta Mai Shinkafa ce, gawa a bakin gonarsa take, kuma ba wanda bai taɓa jin sa yana tsine wa agwagi da iyayen agwagi ba idan suka sauka masa a shuka. Aka fito da shi daga gida ko hula bai sa ba, aka zaunar da shi a gindin bishiya, samari suka kewaye shi da sanduna. Har masu ɗana wa agwagin tarko a ɓoye, yau su suka fi kowa nuna baƙin ciki.

A haka Mai Sawu ya same su. Aikinsa ne ya ba shi sunan, don shi gandun ya ɗauka ya riƙa bin sawun mafarauta da ɓarayin ƙwai da shanun da ake turowa ta ɓarauniyar hanya. Mutum ne mai sanyin tafiya, kullum ido a ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Yau kuwa ko kafe babur bai tsaya yi ba, sakinsa ya yi ya faɗi, domin daga asibiti yake.

'Yarsa Auta, wadda bana ta shiga makaranta, tana can kwance tun asuba. Jiya yana sintiri a ɗaya gefen tafkin, a can ma ya kwana, sai wani masunci ya kawo wa matarsa kyautar agwagwa. Ya hana cin tsuntsun tafki a gidansa, amma ta ga ba ya nan, ta ga yarinya ta kwana biyu ba ta ga nama ba, ta dafa. A gidan ƙundu rabonsa ne, shi kuma kullum Auta yake miƙa wa, saboda haka uwar ta ba ta kai tsaye. Ita uwar tsoka kaɗan ta taɓa, ciwon ciki kawai ta yi. Auta kuwa amai ta yi ta yi har ta daina gane mutane.

"Guba ce, babu tantama," Likita ta ce masa tun da safe. "Amma guba iri-iri ce, kowace da yadda ake tunkarar ta. Ba mu da na'urar gwaji a nan, babban asibiti kuwa ba za ta kai ba a wannan hali. Ka kawo mini kwalbar, ko ledar, ko sunan. Ka yi sauri, malam."

Shi ya sa ya zo. Ya dubi ƙasa, abin da ya iya ke nan a duniya, sai ya ji kamar ya ɗora hannu a ka ya yi ihu. Unguwa guda ta tattake wurin, manya da yara har da awaki, ba sauran sawun da zai karantu.

Ya ratsa samarin ya tsuguna gaban Mai Shinkafa.

"Ni ba shari'a na zo yi ba," ya ce. "Me ka zuba? Faɗa mini sunansa kawai. Wallahi ni zan tsaya maka gaban kowa, ko gidana ka ce in ba ka zan ba ka."

"Ban zuba komai ba!" Mai Shinkafa ya ce, leɓensa a fashe. "Zagi na yi, Mai Sawu, zagi kawai. Gwangwani nake kaɗa musu, kowa shaida ne."

"Kana da maganin feshi?"

Mai Shinkafa ya kawar da kai. Wani daga cikin samarin ya ce ya taɓa gani a ɗakin ajiyarsa. Mai Sawu bai jira makulli ba, kafaɗa ya sa wa ƙofar. Ga kwalba nan bayan buhunan taki, an sha rabinta. Ya cusa ta a riga ya ɗaga babur.

* * *

Likita ta karanta jikin kwalbar, ta mayar masa.

"Makarin irin wannan na fara ba ta tun da kuka zo, don shi aka fi kawo mana. Da shi ne, da yanzu ta fara dawowa. Ba shi ba ne."

"Ki sake dubawa, Likita."

"Na duba. Ka koma, lokaci na tafiya."

Ta ƙofar ya hango Auta. Ta ƙanƙance a kan gadon, an sa mata ƙarin ruwa, bakinta ya bushe ya yi fari. Bai shiga ba, don ya san in ya shiga ba zai iya barin ta ya fito ba.

Matarsa ta tare shi a baranda, ɗankwali a hannu, ido ya kumbura.

"Baban Auta, ni na kashe ta. Da hannuna na ba ta."

"Ba ta mutu ba. Ki daina faɗin haka."

"Duk wanda ya zuba abin nan, Allah ya isa tsakanina da shi. Ban yafe ba, duniya da lahira."

A kan benci kusa da ƙofar, mahaifin matar na zaune. Tsohon Gandu ake ce masa, don tun kafin a kafa shinge yake gadin tafkin. Shi ya koya wa Mai Sawu karatun ƙasa, daga baya kuma ya ba shi 'yarsa. Duk cikin jikokinsa ba wadda yake ji da ita kamar Auta, kullum suna faɗa a kan wa ya fi wani rowa. Yanzu ya zauna ya yi zuru, hula ta karkace, ko gaisuwar masu wucewa ba ya amsawa.

Mai Sawu ya durƙusa gabansa.

"Baba, ka fi kowa sanin ruwan nan. Kwanakin nan ka ga wani abu? Baƙon kwale-kwale, ko wani yana yawo inda bai kamata ba?"

"Gwiwoyin nan sun hana ni, ɗana," Tsoho ya ce, idonsa a kan siminti. "Tun farkon damina ban wuce ofishin gandu ba."

Tausayinsa ya kama Mai Sawu, har ya dafa masa gwiwa kafin ya tashi.

* * *

Masuncin da ya kawo agwagwar, Gajere ake kiransa, yana can mashigar ruwa ya ɓuya bayan wani kifaffen kwale-kwale. Da ya hango Mai Sawu sai ya yunƙura zai gudu, amma ya makara. Mai Sawu ya shaƙe masa wuyan riga. Ya san akwai masuntan da ke zuba magani a ruwa don kifi ya taso, kuma ya daɗe yana zargin Gajere.

"Me ka zuba wa kifi?"

"Yaya, dubi ruwan! Don girman Allah dubi ruwan. Ka ga kifi ko ɗaya ya taso?"

Ya duba. Ga 'yan ƙananan kifaye nan suna wasa a gindin ciyawa, lafiyarsu ƙalau. Hannunsa ya saki da kansa.

"Da ranta na same ta," Gajere ya ce yana kuka wiwi. "Ta kasa tashi, na zaci gajiyar tafiya ce, na yanka. Na ce bari in kai wa Maman Auta, ku da kuke ɗauke mini kai in na shiga inda aka hana. Alheri na yi niyya, Yaya."

"A ina ka same ta?"

Gajere ya nuna can tsallake, inda wani harshen yashi ya miƙe cikin ruwa, ya ce daga cikin kwale-kwale ya tsamo ta. Wurin a rufe yake tun farkon damina, ba baƙo ba masunci, saboda gauraki na ƙwai a ciyayin bakinsa. Mai Sawu ya ɗebi ƙasa ya saki, ya ga inda iska ta kai ta. Daga harshen yashin take busowa, ta nufi gonar shinkafa. Ashe a can tsuntsayen suka mutu, nan kawo su kawai aka yi.

Ya jawo wata agwagwa daga bakin ruwa, ya karɓi wuƙar Gajere ya farke ta. Babu ƙwayar shinkafa ko ɗaya a cikinta. Tsakin masara ne cike, ya yi wani launi mai duhu da ba na masara ba.

Yana miƙewa ya ga hayaƙi na tashi bayan ofishin gandu. Ya isa da gudu ya tarar Manaja ya sa an haƙa rami, ana zuba gawar tsuntsaye ana banka wuta. Nan take zuciyarsa ta ce masa ga mai ɓoye laifi.

"Ranka ya daɗe, me kake ƙonewa? Me kake so kada a gani?"

Manaja, mutum mai son tsafta da farar riga, yau toka har gira. Bai yi fushi ba.

"Motar masu kallon tsuntsaye na hanya, wannan gaskiya ne, kuma ba na so su sauka a kan wannan. Amma ba shi ne babba ba. In ungulu da karnuka suka ci, gobe su za mu kwashe. In yaran unguwa suka tsinta fa? Ɗaya a asibiti bai ishe mu ba?"

Mai Sawu ya ɗaga kai ya dubi sama. Rana ta riga ta take tsaka, ga shi ya zargi mutum uku bai samu komai ba.

"Yaya jikin nata?" Manaja ya tambaya.

Mai Sawu ya dubi tsallaken tafkin. Ya juya ya kira Gajere ya tsallakar da shi.

* * *

A harshen yashin ba wanda ya tattake komai. Nan ya samu abin da yake nema tun safe, ƙasa mai magana.

Sawun dogon takalmin roba ne, irin wanda manomi ke sawa, masunci ke sawa, ma'aikacin gandu ma ke sawa. Yashin kuma ya yi laushi har girman ƙafar bai fito sosai ba. Amma mutum ɗaya ne, kuma zuwa biyu ya yi. Sawun farko ya kwana biyu, gefensa ya rufta, ƙwari sun bi ta kai. Mai shi a natse ya taka, ɗauke da kaya a hannun dama. Na biyu kuwa na yau ne, ɗanye, taku a warwatse, na wanda hankalinsa ya tashi.

Ya bi su har bakin ciyayi. Can ya ga kasake a kife, kowanne an ɗora masa dutse, an fasa masa 'yar ƙofa a gefe daidai shigar ɓera. An yi ruwa a can garuruwan tudu kwanakin baya, koguna suka kawo, tafki ya ƙaru ba tare da ko ɗigo ya sauka a nan ba. Ruwan ya shiga ƙarƙashin kasaken ya kwaso tsakin ya shimfiɗa shi a bakin gaɓa, daidai inda baƙin agwagi ke sauka da yunwa.

Ya ɗaga kasaken ɗaya bayan ɗaya. Ya tona yashi da farce, ya shiga ciyawa har ƙugu yana lalube. Babu kwalba, babu leda. Wanda ya dawo da safe ya tafi da ita.

Ya zauna daɓas a cikin laka. Tsakin da ya rage ba zai gaya wa Likita komai ba. Tun da yake bai taɓa jin ya tsani aikinsa ba sai yau, aikin da ke gaya maka inda mutum ya bi amma ba ya gaya maka sunansa.

Ya tashi ya sake bin sawun da baya, a hankali wannan karon, don ba shi da sauran abin yi. A tsakiyar fili, inda babu ƙaya, babu rami, babu kududdufi, sai ya ga tsohon sawun ya ratse hagu, ya yi ɗan zagaye, ya koma kan hanyarsa. Ya dubi sabon. Shi ma, duk da gaggawar mai shi, a daidai wurin ya ratse.

Me mutum zai kauce wa a fili fetal?

Sama da kansa wasu tsuntsaye biyu na ta kururuwa suna kawo masa sura. Zakaran ƙeƙuwa ne, tsuntsun da ba ya saƙa sheƙa, a ƙasa yake zuba ƙwansa, launinsu ɗaya da tsakuwa. Ya tsuguna ya ƙura ido. Sai da ya daɗe, shi da kansa, kafin ya gan su: ƙwai biyu a cikin tsohon sawun saniya, bayan wani ɗan dutse. Makon jiya ya bi ta nan, babu su.

Mai kashe tsuntsu don haushi ba ya zagaye ƙwai. Wannan ƙafar ta wanda ya shekara yana kauce wa ƙwai ce, har ta iya da kanta ko mai ita ba ya cikin hayyacinsa. Kuma ya san wanda ke kuka duk shekara cewa ɓeraye na shanye wa gauraki ƙwai.

Ya ce a'a. Ya faɗa a fili, shi kaɗai a tsakiyar yashi. Mutumin ya ce bai wuce ofis ba.

Wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce.

"Baban Auta, ina kake? Ta daina amsawa. Ina kiran sunanta ba ta ko motsa ido."

"Baba na nan?"

"Yana nan, bai tashi daga bencin ba."

Ya yi tunanin ya ce ta ba shi wayar. Amma wanda ya dubi siminti ya yi ƙarya da safe, a gaban ƙofar da jikarsa ke kwance, zai iya sake yi, kuma babu lokacin ƙarya ta biyu. Ya kashe ya kira Manaja.

"Ranka ya daɗe, a kawo mini Mai Shinkafa nan harshen yashi, kai ma ka zo. A tura mota asibiti a ɗauko Baba. A ce masa idona ya gaza, nasa nake bukata."

* * *

Rana ta karkata kafin su taru. Mai Shinkafa ya zo tsakanin samarinsa, ga ɗan sandan da Manaja ya kira, ga Gajere yana ta sharar hanci. Can bakin shinge masu kallon tsuntsaye sun sauka daga motarsu, sun ɗaga madubin hangen nesa, yau mutane suke kallo. Tsoho ne ya iso ƙarshe, yana dogara sanda, ya tsaya baya da kowa.

Mai Sawu ya tsayar da su nesa, inda ciyawa ta ƙare yashi ya fara.

"A nan aka zuba gubar," ya ce. "Ba gonar kowa ba. Mai ita ya bar sawu. Kowa zai taka daga nan zuwa bakin ruwa in gwada takunsa da wanda na gani. Miƙe za a tafi, ba kauce-kauce."

"Har ni?" Manaja ya tambaya.

"Har kai, ranka ya daɗe. Har Gajere. Mai Shinkafa zai fara."

Ya kama kafaɗun Mai Shinkafa ya saita shi da kansa, ya nuna masa wani kara a bakin ruwa ya ce shi zai nufa. Tsakanin mutumin da karan nan, ɗan dutsen ne da abin da ke bayansa.

Mai Shinkafa ya fara tafiya, ƙato ne mai nauyin ƙafa, idonsa a kan kara. Tsuntsayen biyu suka tashi suna kururuwa. Kowa bayan Mai Shinkafa yake kallo. Mai Sawu kuwa fuskoki yake kallo. Manaja na duba agogo. Gajere na addu'a. Tsoho shi kaɗai ba mutumin yake kallo ba, ƙasar da ke gabansa yake kallo.

Mai Sawu ya roƙi Allah ya sa ya yi kuskure. A lokaci guda kuma ya roƙa kada ya zama kuskure, don in ba shi ba ne, ba shi da sauran inda zai nufa. Mai Shinkafa ya kusa dutsen. Tsoho ya buɗe baki ya rufe. Ƙafar ta ɗaga.

"Kai! Hagu! Kauce hagu, ƙwai ne bayan dutsen nan!"

Mai Shinkafa ya daskare da ƙafa a sama. Ya leƙa, ya leƙa, da ƙyar ya gani, ya ja da baya.

Kowa ya juyo ya dubi Tsoho.

"Baba," Mai Sawu ya ce, "daga inda kake tsaye ko masu madubin can ba za su hango ƙwan nan ba. Makon jiya babu shi. Kai kuma tun farkon damina ba ka wuce ofis ba."

Sandar ta faɗi. Tsoho ya bi ta ya zauna a yashi.

"Ɓeraye na zuba wa," ya ce. "Shekara nawa gaurakin nan ba su fitar da ɗa ba, ɓeraye na shanyewa ina gani. Na kife, na danne da dutse, tsuntsu ba zai kai ba. Ban san ruwa zai hau ba. Ni da na san ruwan nan, ban lissafa da ruwan sama ba."

Samari suka fara gunaguni suna matsowa. Ɗan sanda ya daka musu tsawa. Mai Shinkafa ya tofar da yawu mai jini ya ce, "To, kun ji."

Mai Sawu bai ji ko ɗaya ba. Ya zube a gaban Tsoho ya kama shi da hannu biyu.

"Ban tambaye ka dalili ba. Ina abin? Ina ledar? Kada ka ce mini ka jefa a ruwa."

Tsoho ya sa hannu a aljihun rigarsa, ya zaro wata 'yar leda a nannaɗe, mai hoton ɓera da rubutu a jiki.

Mai Sawu ya dube ta. Ya dubi aljihun.

"Tun yaushe?"

"Tun safe. Da na ji labarin agwagi na zo na ɗauke, daga nan na wuce asibiti don in ba Likita. Wallahi don in ba ta na je. Sai na tarar da 'yata tana kuka tana Allah ya isa. Na tashi, na zauna. Na tashi, na zauna. Na ce ko yarinyar za ta farfaɗo da kanta, ba sai an sani ba."

"Na durƙusa a gabanka," Mai Sawu ya ce. "Na dafa gwiwarka. Tana aljihunka."

Bai jira amsa ba. Ya fizge ledar ya ruga wajen mota.

* * *

Manaja da kansa ya ja motar, kuma ya ja ta kamar ba ta ofis ba. Mai Sawu na gaba, ya riƙe ledar da hannu biyu. Tsoho na baya kusa da ɗan sanda.

Likita ta karɓa ta juya bayan ledar, idonta na gudu a kan rubutun.

"Maganin ɓera. To, yanzu na san da wa nake faɗa." Ta ƙwala wa ma'aikaciyar jinya kira, ta juyo. "Ina ma tun safe aka kawo wannan."

Ta shiga ta rufe ƙofa.

Matarsa ta riƙe masa hannun riga, duk laka.

"A ina ka samo? Wane ne? Ka kama shi?"

"Bari ta tashi tukuna."

Suka tsaya a barandar. Ya ƙirga tsagar siminti har ya rasa inda ya tsaya, ya sake farawa. Duk wanda ya fito daga ɗakin sai ya zabura ya dube shi. Inuwar ginin ta miƙe ta rufe tsakar asibitin, masu kawo wa marasa lafiya abinci suka fara shigowa da kwanuka, ƙofar dai na rufe.

Da ta buɗe, Likita ce, tana cire safar hannu.

"Numfashinta ya daidaita. Ba zan ce mun fita ba tukuna, amma ta juyo. Da kun ƙara jinkiri kaɗan, da wata maganar muke yi yanzu." Ta dube su. "Ta buɗe ido. Wane ne Kaka? Shi take ta kira."

Maman Auta ta fashe da kuka da dariya a haɗe. Ta saki mijinta ta ruga bakin baranda.

"Baba! Baba, taso, marowaciyarka ta farka, kai take nema!"

Tsoho na zaune a ƙasa jikin tayar mota, yashi har gwiwa, ɗan sanda tsaye a kansa riƙe da gefen rigarsa. Dariyarta ta tsaya. Ta dubi ɗan sandan, ta dubi mahaifinta, ta juyo ta dubi mijinta.

"Baban Auta, me ya sa aka riƙe rigar Baba?"

Mai Sawu ya sauka daga barandar. Da son ransa ne, da mutumin nan bai ƙara ganin fuskar Auta ba har abada. Amma yarinya ta dawo daga nesa, kuma abu ɗaya ta roƙa.

"Sake shi," ya ce wa ɗan sandan. "Ba inda zai je."

Sannan ya dubi surukinsa, bai ce masa Baba ba.

"Tashi ka je, tana kiranka. In ka fito, kai za ka amsa wa 'yarka tambayarta, ba ni ba."

Tsoho ya dafa mota ya miƙe da ƙyar. Da ya iso matakala, 'yarsa ta miƙa hannu don ta taimaka masa ya hau, kamar yadda ta saba. Bai ba ta hannun ba.